Daga tikitin abinci zuwa sayar da sa: tarihin kuɗin karatun lafiya, daga bakin ɗan Wudil

1/ Jama'a, ku ɗan ba ni aron lokacinku. Zare ne mai tsawo a kan kuɗin karatun fannin lafiya a jami'o'in gwamnati: yadda aka faro, yadda aka zo inda muke yau, da wanda nauyin ya koma wuyansa. Ni ɗan Wudil ne, don haka daga gida zan fara. Ku biyo ni a hankali.

2/ Wata Juma'a a ƙarshen 2023 na raka Baba kara. Duk wanda ya san Wudil ya san ranar kasuwa: manyan motocin shanu, ƙura, dillalai, hayaniya har bakin gada. Mun je da sa ɗaya cikin biyun da yake huɗa da su. Dalili? Ƙanwata ta samu gurbin karatun aikin jinya a wata jami'ar gwamnati, kuma ranar rufe rajista ta matso.

3/ Da aka sallama, aka cire la'ada, Baba ya ƙirga kuɗin sau biyu ya tura aljihun 'yar ciki. Bai ce uffan ba sai da muka kusa gida. Sannan ya ce, "Kai, kawunku fa da ya yi karatu a Zariya, ko akuya ba a sayar ba." Wannan maganar ce ta hana ni barci, ita ta sa na shiga tono.

4/ Tambayar ita ce: me ya faru tsakanin zamanin Kawu da zamanin ƙanwata? Da yawanmu mun ɗauka a 2023 aka fara ƙarin kuɗi. A'a. A 2023 ne dai ya fashe. Kusan shekara hamsin aka yi ana sauke kayan daga kan gwamnati ana ɗora wa iyaye, ƙunshi bayan ƙunshi.

5/ Mu koma can baya. A 1930 Turawan mulki suka buɗe makarantar likitanci ta Yaba a Legas. A Arewa kuwa, Zariya ta samu makarantar koyon haɗa magunguna, Kano ta samu makarantar tsafta a 1932, inda ake horar da duba-gari. Makarantar tsaftar nan tana nan har yau.

6/ A lokacin, hukuma ce ke neman yara, ba yara ke neman gurbi ba. En'e za ta zaɓo yaro ta tura shi, a ciyar da shi, a ba shi wurin kwana, in ya gama ya dawo ya yi mata aiki a disfensare. Iyaye ma gudun boko ake yi. Ciniki ne a fili: mu horar da kai, ka dawo ka yi wa ƙasarka aiki.

7/ Ku riƙe wannan cinikin a ranku, don shi ne ƙashin bayan labarin. Ba wai Turawa ko En'e tausayin talaka ne ya dame su ba. Buƙata ce. Ba su da ma'aikata, dole su biya kuɗin samar da su. Wanda ke buƙatar malamin asibiti shi ke ɗaukar nauyin karatunsa.

8/ A 1948 aka buɗe kwalejin jami'a a Ibadan, can 'yan Arewa na farko-farko da dama suka yi likitanci. A 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tsangayar likitancinta ta fara a 1967. Gwamnatin Jihar Arewa, daga baya kuma jihohi, su ke ba ɗalibai tallafin karatu.

9/ Sai kuɗin man fetur ya shigo a shekarun 1970. A 1975 gwamnatin tarayya ta ƙara sababbin jami'o'i da kwalejoji bakwai, ciki har da na Kano, Sakkwato da Maiduguri. A 1977 ta Kano ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero. A wannan tsakanin ne gwamnatin soja ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya.

10/ A 1977 ɗin dai Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Ku tambayi manyan likitocin Kano na yau inda suka yi sakandare, za ku sha jin sunayen nan biyu. 'Ya'yan manoma ne da yawansu, jarrabawa kawai suka ci. Gwamnati ta ɗauke su tun daga sabulu har littafi.

11/ Kawu ya faɗa cikin wannan zamanin. Haɗa magunguna ya karanta. In yana ba mu labari sai ka ɗauka tatsuniya ce: tikitin abinci a hannu, ka shiga kafteriya sau uku a yini, ranar Lahadi har da kaza. Alawus ɗinsa na jiha, ya ce, har ragowa yake yi ya sayo wa Kaka atamfa in an yi hutu.

12/ To, ƙunshin farko da aka fara saukewa shi ne na abinci da masauki. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta ce karatu kyauta yana nan, amma za a ƙara kuɗin kwana da na ci. Ƙarin da ya tayar da ƙura shi ne kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini. E, kwabo hamsin. Kar ku yi dariya, lokacin naira ta fi dala daraja.

13/ Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta ce ba ta yarda ba. A watan Afrilu zanga-zanga ta ɓarke, wadda tarihi ya sani da Ali Must Go, wato dole Ali ya sauka. Ali shi ne Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya a lokacin.

14/ An zubar da jini. A Legas an harbe wani ɗalibi, Akintunde Ojo. A Zariya ma jami'an tsaro sun buɗe wuta, an rasa rayuka. Aka rufe jami'o'i, aka haramta ƙungiyar ɗaliban. Ƙarin kuma bai janye ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

15/ Wani abin lura: shi Ahmadu Ali likita ne. Dakta Jibril Aminu, wanda ke riƙe da hukumar kula da jami'o'i a lokacin, shi ma likita ne. Dukkansu Ibadan suka yi karatu. Ba zagi nake ba. Ina nuna muku ne cewa tun 1978 masu riƙe da lissafin suka fara cewa aljihun gwamnati ba zai ɗauki komai ba.

16/ Farkon shekarun 1980 farashin mai ya faɗi a duniya. Gwamnatin Shagari ta shigo da tsuke bakin aljihu a 1982. Zuwa tsakiyar shekarun nan, ciyar da ɗaliban jami'a ya zama tarihi. Kafteriya ta koma hannun 'yan kasuwa, ɗalibi ya koma risho da tukunya a lungun ɗaki.

17/ A 1986 Babangida ya kawo shirin SAP. Aka karya darajar naira. Masu ba da bashi na duniya suka riƙa matsa wa ƙasashen Afirka cewa su fi ba firamare ƙarfi, masu karatun jami'a kuma su riƙa ɗaukar wani kaso na kuɗin. Malamai da likitoci suka fara ficewa, wasu Saudiyya, wasu Ingila, wasu Amurka.

18/ Nan ne aka samu wani salo da har yau muke ciki. A takarda, babu kuɗin koyarwa a jami'ar tarayya. Amma akwai kuɗin rajista, na jarrabawa, na laburare, na ɗakin gwaje-gwaje, na asibitin makaranta, na wasanni, na katin shaida, daga baya har na intanet. Kowanne da sunansa, amma aljihu ɗaya ake lalubowa.

19/ Shi ya sa in jami'i ya fito ya ce "ba a biyan kuɗin koyarwa", gaskiya ya faɗa. In Baba ya ce ya sayar da sa don kuɗin makaranta, shi ma gaskiya ya faɗa. Ko a watan Yulin 2023 fadar shugaban ƙasa ta sake nanata cewa jami'o'in tarayya kyauta ne, abin da aka ƙara kuɗaɗen hidima ne. Sunan ne ya bambanta.

20/ An yi yunƙurin toshe ɓarakar. Bayan yajin aikin ASUU na 1992, lokacin Attahiru Jega ke shugabantarta, aka kafa dokar harajin ilimi a 1993: kamfanoni su riƙa ba da kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. Asusun nan shi ya zama TETFund a 2011. Galibin sababbin gine-ginen da kuke gani a jami'o'i da tambarinsa, daga nan ne.

21/ Amma ga inda gizo ke saƙa. TETFund gini yake yi, ya sayi kayan aiki, ya tura malamai ƙaro karatu. Gwamnati kuma ta biya albashi. Kuɗin wuta fa? Man janareta? Ruwa, shara, sinadaran gwaji da ke ƙarewa kullum? Abin da ake bai wa jami'a na hidimar yau da kullum ba ya kai ko'ina. Gibin sai ya biyo ta takardar rajista.

22/ Me ya sa abin ya fi ƙamari a fannin lafiya? Saboda ba karatun allo da alli ba ne kaɗai. Sai da madubin ƙara girma, sinadarai, gawar da ake koyon sassan jiki da ita wadda dole a adana ta, firji da ba ya son ɗaukewar wuta. Akasarin kayan daga waje ake shigo da su. In dala ta motsa, su ma sun motsa.

23/ Sannan ba a cusa ɗalibai yadda aka ga dama. Hukumar kula da likitoci da ta ma'aikatan jinya da ungozoma su ke yanke adadin da kowace makaranta za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Ɗalibai kaɗan, kaya masu tsada. In aka raba kuɗin a kansu, kason kowa ya yi nauyi.

24/ Akwai kuma kuɗin da ba ya fitowa a takarda. Farar riga, abin sauraren ƙirji, na awon jini, littattafai masu kauri kamar bulo, kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa kullum, zaman ƙauye na koyon aiki, kuɗin jarrabawar hukuma. Likitanci shekara shida ne in ba yajin aiki. Kuma ba ka da sararin yin 'yar sana'a a gefe.

25/ Mu dawo gida. A 2001, zamanin mulkin Kwankwaso na farko, aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a nan Wudil, wadda a 2022 aka sa mata sunan Aliko Dangote. A 2012 aka ƙara jami'ar Northwest a cikin Kano. Mu da muka tashi a garin mun ga yadda ta canja shi: gidajen haya, masu abinci, shagunan buga takardu.

26/ Zuwan jami'ar ya sa yaran Wudil, Gaya, Garko, Sumaila suka fara ganin digiri a matsayin abin da hannu zai iya kaiwa. A 2014 gwamnatin jiha ta fara ba da ilimi kyauta ga 'yan jiha har matakin jami'a, ta kuma tura ɗalibai waje, ciki har da mata masu karatun likita. Amma tsarin da ba a ɗaure da doka da asusu ba, da gwamnati yake zuwa, da ita yake tafiya.

27/ Titin da ya ratsa garinmu ya haye gada, shi ne ke zuwa Azare. A 2021 gwamnatin Buhari ta amince da kafa jami'ar kimiyyar lafiya ta tarayya a can, tare da irinta a Ila-Orangun, bayan ta Otukpo. Abin murna ne, gurabe sun ƙaru. Sai dai kafa jami'a daban, ciyar da ita kowace shekara daban.

28/ Sai 2022: yajin aikin ASUU daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas cur. Da aka dawo, jami'o'i suka fara sake lissafi. Kafin a farfaɗo, ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. A watan Yuni aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 a hukumance, ta zarce 1,500 a 2024.

29/ Jami'o'i suka bi layi. A Jami'ar Legas, kuɗin ɗaliban likitanci ya tashi daga wajen naira dubu 19 zuwa sama da dubu 190, sai da aka yi zanga-zanga aka ɗan rage. A Jami'ar Bayero ma an yi ƙari a tsakiyar 2023, kuma 'yan fannin lafiya ne a sama, na aikin jinya ya haura dubu 200 ga sababbin ɗalibai.

30/ Ku auna da wannan: mafi ƙarancin albashi a lokacin naira dubu 30 ne. Wato ƙaramin ma'aikaci ya tara albashin sama da wata shida bai ci ba bai sha ba, kafin ya biya rajistar shekara ɗaya. Manomi irin Baba kuwa ba shi da albashin ma. Bankinsa yana ɗaure a turke.

31/ Kar mu yi rashin adalci: su ma shugabannin jami'o'in ba daga sama suka tsinci lambobin ba. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane ma'auni, jami'o'i da asibitocin koyarwa da dama suna cikin rukunin. Wanda aka ba gida ba a ba shi cefane ba, a kan na ƙasa da shi zai huce.

32/ An ɗan kawo ɗauki. A Agustan 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rage rabin kuɗin rajista ga 'yan jiha a manyan makarantunta, har da jami'ar Wudil. Ta kuma amince da naira miliyan 700 don biya wa ɗaliban Kano dubu 7 da ke Jami'ar Bayero. Na san gidajen da wannan ya share wa hawaye.

33/ Tarayya kuma ta zo da bashin karatu. An sa hannu a dokar a Yunin 2023, aka sake ta a Afrilun 2024, asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu. Ba ruwa a kai, ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye, a ba shi dubu 20 a wata, ya fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Wanda ya cancanta ya nema, ba abin kunya ba ne.

34/ Amma ku duba tafiyar da kyau. Zamanin En'e: mun biya, ka dawo ka yi mana aiki. Zamanin Kawu: mun biya, har da abinci. Bayan 1978: ka ci da kanka. Bayan SAP: ka biya hidima. Yau: ga rance, ka biya daga baya. A kowane mataki kayan na ƙara gangarowa kan ɗalibi da iyayensa.

35/ Ga abin da ke damuna, wallahi. In iyali suka sayar da sa, da gona, suka ci bashi don yaro ya zama likita ko nas, ranar da ya gama ba shi da bakin cewa zai zauna a ƙaramin asibitin ƙauye. Akwai ƙanne a bayansa, akwai bashi. Dole ya bi inda kuɗi yake: Abuja, Legas, Saudiyya, Ingila.

36/ Ministan lafiya Muhammad Ali Pate da kansa ya ce likitoci wajen dubu 16 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun baya. A 2023 har wani ɗan majalisar wakilai, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudirin a hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar yana aiki a gida. Likitoci suka yi ca a kansa.

37/ Ni a ganina ƙudirin ya tuno rabin tsohon cinikin ne ya manta rabi. En'e ta ce ka dawo ka yi aiki ne saboda ita ta biya. Ba ka bar uba ya kai sansa kara ba, sannan ka zo ranar yaye ɗalibai ka ce yaron naka ne. Wanda ya yi noma shi ke da girbi.

38/ Akwai asara ta biyu da ba a gani. Yarinyar da ta ci jarrabawa amma aka ce "bari sai baɗi", baɗin kuma bai zo ba. A gidan da kuɗin bai isa kowa ba, mun san wa ake fara cewa ta haƙura. Alhali a garuruwanmu mata da yawa sun fi sakin jiki da ma'aikaciya mace, musamman wajen awo da haihuwa.

39/ Wato tsadar karatun lafiya ba matsalar ɗalibai ba ce kaɗai. Matsalar duk wanda zai kai matarsa asibiti da tsakar dare ce. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 na kasafi ga lafiya. A ƙasarmu aka yi alkawarin, amma kasafin tarayya bai taɓa kaiwa nan ba.

40/ To me nake so? Abu uku. Na ɗaya, kowace jami'a ta riƙa fito da bayanin inda kuɗin ɗalibai ya tafi, dalla-dalla. In an karɓi kuɗin ɗakin gwaji, a ga sinadari a ɗakin. Mutum ya fi jure biyan abin da ya ga amfaninsa. A kuma bari a riƙa biya kashi-kashi, kar a rufe rajista a kan wanda ke jiran amfanin gona.

41/ Na biyu, a dawo da tsohon cinikin da gaske. Wasu jihohi, irin su Jigawa, suna ɗaukar nauyin ɗaliban likitanci da sharaɗin su dawo su yi wa jiha aiki na wasu shekaru. A faɗaɗa shi zuwa jinya, ungozoma, gwaje-gwaje da haɗa magani. A ɗaure shi da doka, kuma ƙananan hukumomi su shigo. Wudil ta horar da nata.

42/ Na uku namu ne. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, 'yan kasuwar kara, masu fitar da zakka, mu da ke da ɗan albashi. In za mu iya haɗa gudummawar biki cikin kwana biyu a WhatsApp, za mu iya ɗaukar rajistar yaro ɗaya a unguwa. Wannan ba ya sauke wa gwamnati nata nauyin, amma yana hana gurbi ɗaya salwanta bana.

43/ Ƙanwata tana nan tana karatunta, Alhamdu lillahi. Da damina ta zo Baba ya haɗa san da ya rage da na maƙwabci suka yi huɗa, yau gonar wannan gobe ta wancan. Ran nan da ta zo hutu ta auna masa jini a tsakar gida, ya miƙa hannu yana ta murmushi. Da ta tashi sai ya tambaye ni a hankali, "Saura shekara nawa?"

44/ Nan zan tsaya. In akwai dattijo a gidanku da ya yi jami'a kafin 1985, ku zauna da shi yau ku tambaye shi nawa ya biya, wa ya biya. Sannan ku faɗa mana a ƙasa nawa kuka biya bana, da abin da aka sayar kafin a haɗa. Allah Ya buɗa wa iyayenmu, Ya sa karatun ya yi albarka.